Muhawarar gida: a bar Auta ya je Iran ganin gidajen dutsen Kandovan?

Auta: Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena baki ɗaya. Na yi wa Yaya Babba wannan maganar a waya ya ce sam, sai na roƙe shi ya bari in kawo ta gaban kowa, don kada a ce na yi gaban kaina. Hutun nan da ke tafe ina so in ƙetara daga nan birnin Van na Turkiyya, ƙasar da nake karatu, in shiga Iran, in je wani ƙauye mai suna Kandovan. Tsakaninsa da birnin Tabriz kimanin kilomita 60 ne, a gindin Sahand, wani tsohon dutse mai aman wuta. Tokar da ya amayar tun zamanin da ce ta daskare ta zama dutse mai laushi, ruwa da iska suka yi ta cin sa har suka bar tsibi-tsibi masu tsini, kamar surin gara amma mai tsayin gidan bene. Mutane suka fafe cikinsu suka yi ɗakuna. Ƙasa na dabbobi, sama na iyali, ga tagogi, ga ƙofofin katako, ga wayar lantarki ta shiga. Mutanen garin suna cewa kakanninsu sun fake a wurin ne shekaru kusan 700 da suka wuce, lokacin da rundunar Mongol ta afka wa yankin. Har yau mutane ɗaruruwa suna kwana suna tashi a ciki. Ni da nake karatun zanen gine-gine, wannan ba yawon banza ba ne a wurina. Kuma ga abin da na tsaya a kai: rigimar gwamnati da gwamnati ba hujja ba ce ta ƙaurace wa mutane da tarihinsu. Wanda ya ƙi zuwa wata ƙasa saboda siyasarta, bai taɓa shugabanninta da komai ba, talakan ƙauye ya hana wa abinci.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Abin da na faɗa maka a waya shi zan maimaita. Ni ba siyasa nake ba, ranka nake ji. Ranar 13 ga Yunin 2025 Isra'ila ta fara ruwan bama-bamai a kan Iran, aka yi kwana 12 ana ɓarin wuta, Amurka ma ta shiga ta kai hari kan tashoshin nukiliyarsu. Ita kanta Tabriz ɗin da kake ambata an kai mata hari tun ranar farko. An rufe sararin samaniya, an katse intanet, iyaye a ƙasashe daban-daban suna ta neman 'ya'yansu babu hanyar jin muryarsu. A watan Yunin dai aka tsagaita wuta, ba a yi sulhu ba. Ga shi a Satumbar 2025 an maido musu da takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya. Katin bankinka ba ya aiki a can, sai ka ɗauki tsabar kuɗi a aljihu. In wani abu ya faru, ta ina zan tura maka ko sisi? In gidan dutse kake so, ai ka je yankin Kapadokiya a can Turkiyya, ka turo mana hotuna. Ka koma can.

Auta: Yaya, na je, kuma abin mamaki ne. Na shiga Derinkuyu, garin da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa har zurfin kusan mita 85, wanda aka ce zai iya ɗaukar mutum 20,000 da dabbobinsu, da ramukan shan iska da manyan fayafayan dutse da ake mirginawa a toshe hanya. A 1963 aka sake gano shi, wani mutum yana gyaran gidansa ya fasa bango ya ga ɗaki a baya. Amma babu mai kwana a ciki. A garin Goreme na yankin kuwa, gidajen dutsen da yawa sun koma otal da wuraren shan shayi na baƙi. Tambayoyin da nake da su, mazauni ne kaɗai zai amsa mini: ina hayaƙin girki yake fita, yaya ake hana damshi cin bango, me ake yi in iyali sun ƙaru, yaya kaurin bangon yake riƙe ɗumi a lokacin ƙanƙara. Kuma mutanen Kandovan Turkancin Azari suke yi, yana kusa da Turkancin da na koya, zan iya zama in yi hira da tsofaffinsu ba tafinta.

Anti Likita: Auta, ka saurare ni, don ni ba labari aka ba ni ba. Daren 14 ga Afrilun 2023 a Khartum muna ɗaki muna shirin jarrabawa, ga azumi a baki, muna lissafin abin da za mu dafa na sahur. Washegari da safe ƙarar bindiga ce ta tashe mu. Kowa ya san akwai tsamin dangantaka tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, amma kowa cewa yake za su daidaita, ai kullum haka suke. Ruwan famfo ya ɗauke, wuta ta ɗauke, muka koma kwana a ƙasan gado nesa da taga. Da aka samu motoci aka kwashe mu, sai muka yi ta zama a bakin iyakar Masar cikin rana, mata da yawa babu ko wurin kewayawa. Na bar takarduna, na bar littattafaina, akwai ƙawayena 'yan Sudan da har yau ban san inda suke ba. Yaƙi ba ya aiko da goron gayyata. Mu karatu ya kai mu, dole ce. Kai wace dole ce za ta kai ka?

Goggo: Ni kafin a je ga maganar yaƙi, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Malam, ba mutanen Annabi Salihu ne masu fafe duwatsu su yi gidaje ba? Ba an hana shiga irin wuraren nan ba?

Malam: Goggo, tambayarki tana kan hanya. Allah Ya ambaci Samudawa da wannan siffa a wurare da dama. A Suratul Hijr Ya ce sun kasance suna sassaƙa gidaje daga duwatsu suna masu amintuwa, sai tsawa ta kama su da asuba. Haka a A'araf da Shu'ara'i. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Ibn Umar cewa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijr a hanyar Tabuka, ya ce kada a shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai ana kuka, don kada abin da ya same su ya sami mai shiga. Ya rufe kansa, ya yi sauri har ya wuce kwarin. Amma a lura, ba sassaƙa dutse ne laifin Samudawa ba. Laifinsu ƙaryata Annabinsu da soke taguwa. Hanin yana kan wurin da azaba ta sauka, ba kan duk ɗakin da aka fafe a dutse ba. Ƙauyen da Auta yake magana, masu salla ne a cikinsa, suna raye, suna kiwon tumaki. Ta wannan fuska ban ga hani ba, Alƙur'ani ma cewa ya yi a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Inda ni nake tsayawa shi ne jefa kai cikin halaka, da kuma izinin mahaifiya. Tafiyar da ba wajibi ba, in Hajiya ba ta yarda ba, magana ta ƙare.

Auta: Allah Ya saka da alheri, Malam. In ƙara wani abu a kan Hijr ɗin. Abin da ake gani a hotunan Mada'in Salih, wato Hijr ɗin a Saudiyya, waɗannan manyan fuskokin dutse masu ginshiƙai, kaburbura ne na Nabatiyawa, mutanen da suka gina Petra a Jodan. Guda 111 ne, yawancinsu na ƙarni na farko kafin da bayan haihuwar Annabi Isa, wasu da rubutun masu su a jiki. Su mutanen garin a gidajen tubalin laka suka zauna a fili. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2008, kuma tun da Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a 2019 ake ta kai baƙi.

Malam: Na san da wannan. Ko da wasu mutane ne suka zo daga baya suka yi kaburbura, ƙasar dai ita ce Hijr, kuma ita Annabi ya yi sauri ya wuce. Buɗe ta da hukuma ta yi bai goge hadisi ba. Wanda ya je, ya je da tsoron Allah, ba da kiɗa da ɗaukar hoto yana dariya ba. Amma wannan wata magana ce, ba ita ke gabanmu ba.

Kawu: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni ina bayan yaron nan a kan abin da ya faɗa, kuma zan gaya muku dalili, don na ga abin da idona a Agadas.

Lokacin da nake tuƙin Land Cruiser, da an shiga watan Oktoba sanyi ya fara, gari ya cika da Turawa. Jirgi yana tasowa daga Faransa ya sauka Agadas kai tsaye. Mu kwashe su mu nufi duwatsun Ayar, mu kai su Timiya su ga lambunan lemo da rumman a tsakiyar duwatsu, mu kai su Iferwan, mu kai su Dabus su ga raƙuman dawan nan da mutanen da suka zana a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce. Wasu sai sun kwana a rairayin Tenere hankalinsu yake kwanciya. Mota ɗaya tana ciyar da direba, da ɗan jagora, da kuku, da makaniken da ke jiranta a gari. Maƙerin azurfa yana zaune a zaurensa da 'yar zugarsa da gawayi, yana zuba narkakkiyar azurfa yana fitar da sarƙar nan ta Agadas, kafin ya gama gogewa mai saye yana tsaye. Mata masu dukanci, masu saƙar tabarma, mai raƙumi, mai gasa nama, kowa yana samu.

Sai tawayen Abzinawa na 2007 ya zo. A 2008 aka soke tseren motocin Dakar gaba ɗaya, daga baya aka kai shi Kudancin Amurka. A 2010 aka sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit. Ƙasashen Turai suka shafa wa taswirarmu jan launi, shi ke nan, ƙafa ta ɗauke. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas a jerinta, da masallacin nan mai doguwar hasumiyar laka, amma wa zai zo ya gani? Ku tambaye ni ina direbobin suka koma. Da yawa jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya suka kama, don mota tana nan, sanin hamada yana nan, yara suna jin yunwa. Da aka yi dokar 2015 ta hana wannan, aka kama wasu aka ƙwace motocinsu. Wasu suka tafi haƙar zinariya a Jado. Na san maƙerin da ya sayar da kayan aikin da ya gada daga kakansa. A duk tsawon shekarun nan ban ga minista ɗaya da ya rame ba. To in Auta ya ce talaka ake hukuntawa, gaskiya ya faɗa. Mutanen Kandovan ɗin nan da ke sayar wa baƙi zuma da busassun 'ya'yan itace, na san halin da suke ciki ko ban taɓa ganinsu ba.

Anti Likita: Kawu, Allah Ya ƙara girma, ban musa ko ɗaya ba. Amma a Agadas ɗin nan a farkon 2025 aka shiga har gida aka ɗauke wata dattijuwa 'yar Ostiriya da ta shafe shekaru tana zaune da mutanen gari, bayan 'yan watanni aka ɗauke wata 'yar Suwizalan. Su ma ƙaunar mutanen ce ta zaunar da su. Tausayin mai zuma ba zai sa mu ba da ɗan'uwanmu ba.

Kuma akwai ɓangaren da Auta ya tsallake. Ya ce siyasa ta shugabanni ce. A Satumbar 2022 wata yarinya 'yar shekara 22, Mahsa Amini, ta mutu a hannun 'yan sandan ɗa'a a Tehran bayan sun kama ta kan ɗaurin ɗankwali. Aka yi watanni ana zanga-zanga, aka kashe ɗaruruwa, aka rataye wasu samari daga cikin masu zanga-zangar. Ni mai hijabi ce da son raina, kuma shi ya sa abin ya yi mini ciwo, don ba a kai mutum ga Allah da kulki. Ƙungiyar Amnesty ta ƙirga aƙalla mutum 972 da aka zartar wa hukuncin kisa a Iran a 2024. Kuɗin bizarka aljihun wa zai shiga? Hoton da za ka ɗora kana murmushi a gaban dutse, me yake gaya wa duniya in ba cewa komai lafiya ba?

Auta: Anti, ban raina wannan ba ko kaɗan. Amma in da wannan mudu za mu auna, ina za mu je? Turkiyyar da nake karatu, bayan yunƙurin juyin mulkin Yulin 2016 an ɗaure dubun-dubatar mutane, an kori malamai da alƙalai da ma'aikata sama da 100,000 daga aiki. Babu wanda ya ce kada in zo. Amnesty ɗin da kika ambata ta ƙirga aƙalla 345 a Saudiyya a shekarar dai, kuma babu wanda zai fasa Umara. Masar fa, da 'yan gidan nan suke zuwa asibiti? Kuɗin biza ɗan kaɗan ne a kan abin da zan kashe a hannun mai mota, mai masauki da mai abinci. Su kansu Iraniyawan da suka fito titi a 2022, ba na jin burinsu shi ne duniya ta juya musu baya. Abokan karatuna 'yan Tabriz suna sukar gwamnatinsu fiye da yadda muke sukarta, kuma su ne suke cewa in zo in ga gidansu.

Anti Likita: Umara ibada ce, asibiti lalura ce. Kada ka haɗa su da ganin dutse.

Auta: Haka ne, Anti. Amma kin ga ke nan ba mugun halin gwamnati ne yake yanke hukunci ba, nauyin dalilin tafiyar ne. Ni kuma neman ilimi nake kira dalilina.

Baffa: Bari in sa baki, don duk kun bar abin da ya fi damuna. Ɗana, kai ba Bajamushe ba ne, ba kuma Baturke ba. Bahaushe ne kai mai koren fasfo, daga arewacin Najeriya. Ka san abin da sunan Iran yake tayarwa a nan gida. Tun abin da ya faru a Zariya a Disambar 2015, da haramta ƙungiyar su Zakzaky a 2019, duk saurayin da aka ji ya je Iran sai an ɗaga gira. A 2010 an kama kwantena 13 na makamai a tashar Apapa da aka ce daga can suka fito, har aka ɗaure wani Ba'iraniye. Masu tsaro ba su manta ba. Ranar da za ka nemi aikin gwamnati a zo tantancewa, ko ka cika takardar bizar Amurka inda ake tambayar ƙasashen da ka shiga cikin shekara 5, za ka tsaya kana bayanin toka da dutse ga mutumin da bai taɓa jin Kandovan ba. Ban ce daidai ba ne a yi wa mutum wannan zato. Na ce ana yi.

Na biyu kuma ya fi wannan. Me za ka riƙe a hannu in ka je? Kyamara, da tef ɗin awo, da littafin zane. Baƙo, a lardin da ke kan iyaka, watanni kaɗan bayan yaƙin da hukumomin ƙasar suka ce 'yan leƙen asiri a cikin gida ne suka taimaka wa maƙiyi, suka kuma kama mutane da yawa a kan haka. A Janairun 2025, tun kafin yaƙin ma, an kama wasu mata da miji 'yan Ingila a birnin Kerman na Iran suna zagaya duniya a kan babur, aka tuhume su da leƙen asiri. Wasu Faransawa biyu a Mayun 2022 aka tsare su. Waɗannan gwamnatocinsu suna da murya, jaridunsu suna ta kururuwa, duk da haka an sha wuya. Kai in ɗan sandan ƙauye ya buɗe littafinka ya ga zanen hanyoyi da awon ɗakuna, wa zai yi maka kururuwa?

Auta: Baffa, wannan na biyun ya shige ni. Zan iya barin tef da littafin, in tafi da ido kawai.

Baffa: In ka bar su, karatun da ka ce shi ne dalili ya ragu ke nan.

Goggo: Ni dai raina ya kasu biyu. Abin da Kawunku ya faɗa ya tuna mini da Kano. Da can in Hawan Daushe ya zo, rumfar baƙi a Ƙofar Kudu cike take da Turawa da jakadu, wasu har da 'ya'yansu a kafaɗa. Suna zuwa Ƙofar Mata su tsaya kan marina suna kallon yadda ake tsoma zane a baba, su shiga Kurmi su sayi jakar fata, su hau Dala. Bayan harin Janairun 2012 sai suka ɗauke ƙafa. Gwamnatin Amurka ta sa Kano da Katsina da Sakkwato cikin jihohin da ta ce wa mutanenta kada su je. Mu kuma muna nan, muna aurar da 'ya'ya, muna zuwa kasuwa, yara suna tafiya Islamiyya. Ba ƙarya suka yi ba, akwai masu satar mutane a hanyoyi, amma wanda ya karanta takardarsu zai ɗauka ko ƙofar gida ba ma leƙawa. Akwai ciwo a ce an yi wa garinku hukunci daga nesa. To na san akwai wata tsohuwa irina a ƙauyen nan da take jin haka. Saboda haka maganar Auta gaskiya ce. Sai dai gaskiyar magana daban, in ba da ɗan ƙanena daban. Uwarsa tana da hawan jini.

Yaya Babba: To bari in gwada maganar taka, Auta. A Bamiyan ta Afganistan akwai ɗaruruwan koguna da aka fafe a jikin dutse, kusa da inda manyan gumakan Buddha suke kafin Taliban su rusa su a Maris ɗin 2001. Talakawa sun zauna a cikin kogunan nan shekara da shekaru, kuma sun fi mutanen Kandovan buƙatar kuɗin baƙo. Za ka je?

Auta: A'a, Yaya.

Yaya Babba: Me ya sa? Ba ka ce rigimar gwamnati ba hujja ba ce?

Auta: Saboda a Mayun 2024 an buɗe wa baƙi wuta a kasuwar Bamiyan, aka kashe 'yan Sifaniya uku da wasu 'yan ƙasar, kuma ƙungiyar IS ta ce ita ta yi. A can baƙon ake nema a kashe. Lalibela ma ta Habasha, mai coci 11 da aka sassaƙa daga dutse, ina mafarkin ganinta, amma ba zan je ba muddin ana faɗa tsakanin soja da mayaƙan Fano a yankin Amhara. Ban taɓa cewa babu haɗari a duniya ba. Cewa na yi a raba abu biyu: ƙin zuwa don tsoron rai, da ƙin zuwa don ƙyamar ƙasa. Na farko hankali ne. Na biyu shi nake ja da shi, don yawancinsa daga abin da ake nuna mana a talabijin yake, kuma shi ne dai ake yi mana.

Yaya Babba: Madalla. Ni a kan na farkon nake tun ɗazu. Iran ta bayan Yuni ba Iran ta da ba ce.

Kawu: A nan kam sai in ce ku duka ku dakata. A hamada ba ma tambayar rediyo ko hanya tana da kyau, direban da ya fito daga can jiya muke tambaya. Auta, abokan nan naka 'yan Tabriz, sun je gida bayan yaƙin? Ta ƙofar iyaka ta Kapikoy suka bi ko ta Bazargan? Me aka tambaye su, an buɗe wayoyinsu? Sun ga wani baƙo baƙar fata ya shiga ya fito? Akwai wanda mahaifinsa zai tsaya maka, ya karɓe ka a bakin iyaka ya maido ka da hannunsa? In babu mai masauki irin wannan, ko ni ban yarda ba. In akwai, to a saurare shi kafin a yanke.

Anti Likita: Kawu, mu ma muna da masu masauki a Khartum. Tare muka gudu.

Kawu: Na sani, 'yata. Allah Ya kiyaye gaba.

Malam: Ni abin da zan ƙara, in ma an yarda, kada ya karɓi saƙon kowa ya ƙetara da shi, ko ƙullin magani ne. Hukuncin ƙwaya a can kisa ne. Kuma ya kama bakinsa a kan saɓanin mazhaba, baƙo ba ya zuwa garin mutane da gardama.

Auta: Kawu, biyu daga cikinsu sun je hutun bazara sun dawo ta Kapikoy. Zan zauna da su in yi musu duk tambayoyin nan, in kawo amsar yadda suka faɗa, ko da ba ta yi mini daɗi ba. Ɗayansu mahaifinsa malamin makaranta ne a Osku, garin da ke kusa da ƙauyen. Zan tambaya ko zai yarda ya yi magana da Baffa, ɗan nasa ya yi tafinta.

Baffa: In ya yarda zan saurare shi. Tambayar farko da zan yi masa ita ce ko karɓar baƙo daga waje zai jawo masa matsala shi kansa, don ana kiran mai gida a yi masa tambayoyi bayan baƙo ya tafi. Wannan ma ka sa shi a lissafi.

Yaya Babba: Ni matsayina bai canja ba, ban yarda da wannan hutun ba. Amma ba zan yanke ni kaɗai ba. Gobe bayan Magariba zan je wajen Hajiya in karanta mata duk abin da kowa ya faɗa, da na masu goyon baya da na masu hani. Goggo, don Allah ki zo mu je tare. Kai kuma kada ka nemi biza, kada ka biya kuɗin mota, sai ka ji daga gare mu.

Goggo: Zan zo. Ka bari ta sha maganinta tukuna kafin ka fara karantawa.

Auta: To, Yaya. Ba zan taɓa komai ba sai na ji.